Iskar Ƙofar Na'isa: A Ba Yara Farin Ƙyalle Su Nuna Mana Abin Da Muke Shaƙa

A shekarar 2010, sa'ad da aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin a faɗaɗa hanya, mutanen Kano da yawa sun ji zafin abin. Jaridu sun rubuta, masana tarihi sun koka, daga baya kuma aka sake gina wata ƙofar a gurbinta, mai faɗin da mota za ta shige ba tare da ta gogi bango ba. An yi kukan ƙofa domin ƙofa abu ce da ido yake gani, jiya tana nan, yau an wayi gari babu ita. Amma akwai wani abu da ya daɗe yana lalacewa a daidai wannan wuri, wanda ya fi ganuwa tsufa, ya kuma fi ta amfani ga mai rai, ba a kuwa taɓa jin an taru an yi masa kuka ba. Ina nufin iskar da ake shaƙa.

Duk wanda yake bin titin da ya nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, daga Ɗan Agundi ya wuce Na'isa ya doshi Gadon Ƙaya, ya san yadda wurin yake bayan la'asar. A Daidaita Sahu sun yi jerin gwano, tifa tana tuƙa baƙin hayaƙi, tsofaffin motocin haya suna tari, janaretan mai shago yana kuka a bakin ƙofa, mai walda ya tayar da nasa injin, can gefe kuma wani ya cinna wa bola wuta da robobi da ledoji a ciki. Mai mota ya ɗaga gilashi ya wuce. Waɗanda ba su da gilashin ɗagawa su ne direban A Daidaita Sahu da yake wuni a kan titi, da ma'aikacin KAROTA da yake tsaye a tsakiyar mararraba, da yarinya mai tallar gyaɗa, da 'yan makarantar firamare masu komowa gida a ƙafa. Ku lura da tsawon yaro ɗan shekara biyar, ku lura da inda salansar mota take. Hancinsa ya fi na kowa kusa da bakin hayaƙin.

Wanda ya san Kano kafin 2013 zai tuna shuɗin hayaƙin acaɓa da yake rufe mararraba har ido ya yi ja. A watan Janairu na wannan shekarar aka hana haya da babur, saboda dalilin tsaro, A Daidaita Sahu da aka shigo da shi tun 2005 ya gaji hanya. Hayaƙi dai bai tafi ko'ina ba, maigida ya sake.

Masana sun ce mafi haɗari a cikin hayaƙin nan shi ne wasu ƙananan ɓarɓashi da suke kira PM2.5, waɗanda sai an jera kamar talatin kafin su kai kaurin silin gashi guda. Gashin hanci ba ya tare su. Suna wucewa har can ƙarshen huhu, wasu ma su ratsa cikin jini. Daga nan ake samun fuka, da ciwon huhu na yara, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin ɗakin girki, tana jawo mutuwar mutane kusan miliyan 7 kowace shekara tun kwanansu bai kai na tsufa ba. A jerin birane da hukumar ta fitar a 2016, Anaca ce ta zo kan gaba a duniya wajen yawan ƙura a iska, da maikirogiram 594, Kaduna maƙwabciyarmu tana da 423, alhali abin da hukumar ta yarda da shi a lokacin 20 ne. Wani bincike na Bankin Duniya da aka buga a 2020 ya ce a Legas kaɗai iska ta ci rayuka fiye da 11,000 a shekarar 2018, kuma kashi 60 cikin ɗari na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

To, na kawo alƙaluman nan ne domin gaskiya ne, amma na san iyakar abin da za su iya yi. Je ka ce wa Inna mai ƙosai maikirogiram 423, za ta ce maka sannu da ƙoƙari, ta ci gaba da hura wutarta. Ba rashin hankali ba ne. Ba a yi mata magana da harshen da take auna abu da shi ba ne. Ita ta san mudu, ta san tiya, ta san fari da baƙi. Ga kuma wata matsala da ta sha mana kai a ƙasar Hausa: muna da hazo. Kowace shekara daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Cadi, ta lulluɓe mu da ita. Mun gaji wannan tun kaka da kakanni, ba mu da ikon tsayar da shi. Saboda haka duk tarin da ya kama yaro sai a ce sanyi ne, duk duhun da ya rufe sama sai a ce hazo ne. Hayaƙin da muka tayar da hannunmu ya sami inuwar fakewa a bayan ƙurar da ba mu muka kawo ba.

A nan ne nake ganin masu zane da masu ilimin kimiyya suna da aikin yi tare, kuma an gwada a wurare da dama. Bahaushe ya riga ya yanke hukunci tun tuni cewa gani ya kori ji.

A 2015 wani ɗan ƙasar Sin mai suna Wang Renzheng ya yi kwana 100 yana yawo a titunan Bejin yana jan injin zuƙe ƙura, bakin injin a sama. Mutane suka ɗauka taɓin hankali ne. Da ya gama sai ya haɗa abin da ya tara da yumɓu, aka gasa masa bulo guda, ya ce wa mutanen birnin ga iskarku. A Delhi ta ƙasar Indiya, a watan Nuwamba na 2018, aka kafa siffar huhu biyu manya, farare fat, a harabar asibitin Sir Ganga Ram, aka sa musu fanka tana jawo iska ta cikin mataci kamar yadda mutum yake numfashi. Cikin 'yan kwanaki suka rine. Wanda bai taɓa shiga aji ba ya tsaya ya duba ya gane. A Ingila kuwa, Robin Price mai ɗaukar hoto da Farfesa Francis Pope na Jami'ar Birmingham sun haɗa na'urar auna iska da wata doguwar fitila wadda ƙyaftawarta take ƙaruwa gwargwadon yawan ɓarɓashin da ke wurin. Idan aka ɗauki hoto sai ɗigon haske ya cika shi inda iska ta ɓaci, ya yi ƙaranci inda take da tsabta. Sun kai aikin har ƙasar Habasha, inda suka tarar da ɗakin girki na itace da ya ninka iskar waje ɓaci har sau 20. Wannan ya kamata ya tsaya wa iyayenmu mata a rai.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na wani saurayi ɗan Indiya, Anirudh Sharma. Shi da abokan aikinsa suka ƙera wani gwangwani da ake ɗaura wa a bakin salansa ya tare kunkunniyar hayaƙi, su tace gubar da ke ciki, su mai da sauran tawada da suka sa wa suna Air-Ink. A 2016 masu zane suka yi ado da ita a bangayen Hong Kong, duniya ta yi ta mamaki. Na ce a raina, ina ma sun zo Kano. Wace tawada ce maƙwabtanmu suke rubuta allo da ita tun zamanin da ba a san mota ba, in ba gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro ba? Mai da baƙin hayaƙi rubutu tsohuwar sana'a ce a nan. Sai dai kada wani malami ya karanta wannan ya tura yara su kankaro baƙin salansa da hannu, domin na mota yana ɗauke da dafin da na tukunya ba shi da shi.

Ba duk abin da aka yi a waje ne ya cancanci kwaikwayo ba. Wani Bature ɗan Holan, Daan Roosegaarde, ya gina hasumiya mai tsawon mita 7 wadda take tace iska, ya kafa ta a Rotterdam a 2015, ya kai ta Bejin a 2016, har ana yin zobe da dattin da ta tara ana sayarwa. Abin kallo ne, ba shakka. Amma hasumiya guda ba ta wanke iskar birni, kuma ina tsoron ranar da wani mai neman kwangila zai ga hotonta ya kawo wa gwamnati takarda. Za a kashe miliyoyi, a yanke kyalle, a yi tafi, bayan wata shida ta tsaya don babu wuta, ko kuwa a sayo mata janareta.

Abin da ya raba aikin da ya yi amfani da wanda ya tsaya a kallo, a ganina, abu biyu ne. Na farko, a haɗa zane da awo, domin zane shi kaɗai za a ce ra'ayin mai zane ne. Na biyu, aikin ya san wanda yake yi wa magana. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. A 2012 Dryden Goodwin ya zana ɗansa ɗan shekara biyar yana numfashi, zane fiye da dubu da fensir, aka riƙa haska su da dare a saman asibitin St Thomas a Landan. Bai zaɓi wurin don kyansa ba. Asibitin yana fuskantar majalisar dokokin ƙasar ne daga tsallaken kogi, duk ɗan majalisar da ya leƙo taga sai ya ga ƙirjin yaro yana hawa yana sauka. A birnin nan ne wata yarinya 'yar shekara tara, Ella Adoo-Kissi-Debrah, wadda gidansu yake kusa da babban titi, ta rasu da ciwon fuka a 2013. Uwarta ba ta haƙura ba sai da mai binciken sanadin mutuwa ya yanke a watan Disamba na 2020 cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya kashe ta, karo na farko ke nan da aka rubuta haka a takardar mutuwar wani a ƙasar. Abin da ya taimaki uwar shi ne akwai na'urar awo kusa da gidansu, aka ɗauko lissafinta aka gwada da ranakun da aka kwantar da yarinyar a asibiti.

Ba sai mun haye teku ba ma. Tun ƙarshen 2016 mutanen Fatakwal suka fara wayar gari da baƙar kunkunniya a kan mota, da kan gado, da cikin hancin yara, yawancinta daga matatun mai na ɓoye da kuma ƙona kayan da ake kamawa a wurinsu. Makaminsu na farko hoto ne: tafin hannu baƙi ƙirin, tafin ƙafar jariri, farin hankici da aka goge taga da shi. A 2018 suka fito titi suka yi zanga-zanga. Sai a watan Janairu na 2022 gwamnan jihar na lokacin, Nyesom Wike, ya ba da umarnin a farauci matatun a rushe. An daɗe, amma da ba su nuna ba, da an ci gaba da cewa babu komai.

Ga shawarata ga shugabannin makarantu, na gwamnati da na mishan da na Islamiyya, da masu kula da ƙungiyoyin matasa a majami'unmu. Abin da ake bukata bai wuce yadi biyu na farin alawayyo ba, da kwali, da man basilin, da littafin rubutu. A yanka ƙyallen gida-gida daidai wa daida. A rataya ɗaya a bakin titi kusa da Ƙofar Na'isa, da izinin mai shagon da ke wurin, a ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba zai taɓa shi ba. A rataya na biyu can cikin lungu inda mota ba ta shiga, na uku kusa da janareta, na huɗu a ɗakin girki na itace, na biyar a rufe shi cikin leda a ajiye a ofishin hedimasta domin a san yadda farin yake tun asali. Dukansu a tsayi ɗaya, a rataya rana ɗaya, a sauke rana ɗaya bayan mako biyu. Kwalin da aka shafa wa basilin shi ma yana kama ƙura, yaro kuma yana iya ƙirga ɗigon da ke cikin ɗan murabba'i da gilashin ƙara girma. A rubuta kwanan wata, da wuri, da ko an yi ruwa. A maimaita a damina, a maimaita a hunturu. Nan za a raba gardamar hazo, domin ƙurar hamada ja-ja take bari ko fari-fari, hayaƙin inji da na roba kuwa baƙi yake bari.

Malamin kimiyya zai ce ƙyalle ba ya auna PM2.5, manyan ƙura da kunkunniya kawai yake kamawa. Gaskiyarsa. Shi ya sa nake kira ga malaman Jami'ar Bayero, waɗanda da yawansu ta wannan titin suke bi kullum, su ara wa yaran ƙananan na'urorin awo su tsaya kusa da ƙyallayen. Irin na'urorin nan sun yi araha yanzu. A Jami'ar Makerere ta Yuganda, Farfesa Engineer Bainomugisha da ɗalibansa sun ƙera nasu a ƙarƙashin shirin AirQo, suna kafa wasu a jikin gine-gine, wasu kuma su ɗaura a kan baburan haya suna zaga Kampala suna aiko da awo. Me zai hana a ɗaura wa A Daidaita Sahu goma, daga Kabuga zuwa Bata, daga Na'isa zuwa Sharaɗa? A yankin Flanders na Beljiyam a 2018 mutane 20,000 ne suka rataya 'yan kwalaben awo a tagoginsu har mako huɗu, tare da Jami'ar Antwerp da wata jarida, aka buga taswirar titi-titi. Talakawa ne suka yi awon, masana suka tantance.

Sa'an nan a miƙa ƙyallayen ga masu hannu. Kano ba ta rasa su ba. Akwai masu zanen jikin manyan motoci, da masu rubutun hikima a bayan A Daidaita Sahu, da masu ɗinkin hula da aska takwas, da marinan Ƙofar Mata da suka shekara fiye da 500 suna sarrafa launi a kan yadi, da 'yan wasan kwaikwayo da ba su da na biyu a ƙasar Hausa. A ɗinke ƙyallayen wuri guda a yi siffar huhu, ko a yi babbar riga da kowane ɓangare nata ya fito daga wata unguwa, sunan unguwar a rubuce da boko da ajami. A baje ta inda jama'a suke taruwa, kamar filin wasa na Mahaha da ke nan Ƙofar Na'isa, ko Gidan Makama. A gayyato mai unguwa, da shugabannin ƙungiyar direbobi, da jami'an ma'aikatar muhalli, da na hukumar kwashe shara, da na NESREA wadda aka kafa tun 2007 domin irin wannan aiki. Yaran su karanta musu abin da suka rubuta a littafi, su roƙi abu ƙayyadadde: a riƙa kwashe bolar wuri kaza kafin a kai ga cinna mata wuta, a hana ƙona taya a cikin unguwa, a tsayar da motar da take tuƙa baƙin hayaƙi sai ta gyara, a dasa itatuwa tsakanin titi da katangar makaranta, a kafa na'urar awo ta dindindin a riƙa faɗin sakamakonta a rediyo kamar yadda ake faɗin farashin hatsi.

Na san abin da za a ce. Za a ce talaka yana neman abin da zai kai bakin salati, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya yi tsada, gas ya gagari gidaje da yawa sun koma itace da gawayi, kai kana maganar iska. Ni ma a cikin wannan hali nake. Amma kuɗin maganin fuka da na kwanciyar yaro a asibiti daga aljihun talakan nan suke fita, ranar da direba ya kwanta da ciwon ƙirji kuwa babu balas, babu cefane. Kuma kada a mai da aikin nan hanyar tsangwamar ɗan A Daidaita Sahu. Shi ne ya fi kowa shaƙa. Idan aka zo masa da ƙyalle aka ce ka ga abin da yake shiga ƙirjinka, zai saurara. Idan aka zo masa da rasit na tara, zai ɗauka wata sabuwar hanyar tatsa ce, ba kuwa za a ga laifinsa ba.

Akwai kuma na cikin gida, 'yan'uwa. Majami'u nawa ne janaretansu yake jingine da tagar ɗakin da ake koya wa yara ranar Lahadi, yana aiki tun sujadar farko har ta ƙarshe? Sau nawa zumuntar mata suke wuni a kan murhun itace a rufaffen wuri ranar biki, ido yana hawaye, goyo a baya? Har yanzu muna jin labarin iyali guda da suka kwanta da janareta a cikin ɗaki ko a baranda a rufe, aka wayi gari babu mai motsi, domin iskar gubar da yake fitarwa ba ta da launi ba ta da wari. Ƙyalle ba zai nuna wannan ba, sai an faɗa da baki a lokacin sanarwa, a kuma maimaita. Kafin mu kai wa hukuma ƙyallen Ƙofar Na'isa, ya kamata dattawan ikkilisiya su ga na harabarsu, su matsar da injin nesa da taga, su ɗaga masa bututu sama.

Wani zai tambaya, mu da yawancinmu muke zaune a Sabon Gari da Badawa da Birged, me ya kai mu Ƙofar Na'isa? Iskar da ta tashi daga can ba ta tsayawa a ganuwa ta tambayi sunan wanda zai shaƙe ta, 'ya'yanmu kuma ta nan suke bi zuwa jami'a. Makarantar mishan guda da makarantar cikin birni guda za su iya raba ƙyalle ɗaya biyu, kowa ya rataya a titinsa, su haɗu su gwada. A nemi iznin masu unguwa tun da wuri, a fara zagayen farko a watan Agusta ko Satumba ruwa yana sauka, a ajiye ƙyallayen cikin leda da kwanan wata a jiki, a jira hunturu a yi na biyu.